Daga Duba-Gari Zuwa Aikin Gayya: Tarihin Rafukan Minna Da Masu Kula Da Su

Duk shekara idan damina ta kawo jiki, magana ɗaya muke maimaitawa a majalisu da ƙofar masallatai: magudanan ruwa sun cika da leda, rijiyoyi sun gurɓace, 'yan ga-ruwa sun ƙara kuɗin jarka. Daga nan sai a ce laifin gwamnati ne, a tashi. Gwamnati kam tana da nata kason. Amma idan muka bi tarihin garin nan tun daga zuwan jirgin ƙasa, za mu ga cewa duk lokacin da ruwa ya zame wa Minna matsala, daga sama ake kawo maganin, ko dai siminti ko doka. Kuma kowane magani yakan yi aiki ne iya tsawon lokacin da aka samu hannun da ke kula da shi a cikin unguwa. Tarihin wannan hannun muke so mu duba yau.

Garin da ya sauko daga dutse

Asalin Minna zaman Gwarawa ne, wato al'ummar Gbagyi, a kan duwatsun Paida. Garin da muka sani yau kuwa jirgin ƙasa ne ya haife shi. A 1911 aka buɗe layin dogo daga Baro, a bakin Kogin Kwara, zuwa Kano, bayan 'yan shekaru kuma layin da ya taso daga Ikko ta Jebba ya zo ya haɗe da shi a nan. Leburori da 'yan kwangila da fatake suka taru daga Kano da Zariya da Katsina da ƙasar Nufe da ƙasar Yarbawa. Tsofaffin unguwanninmu irin su Limawa da Kwangila suna cikin waɗanda suka kafu a kusa da tasha.

Wurin da aka zauna gindin duwatsu ne. Ruwan sama a Minna yakan fara daga Afrilu ya kai Oktoba, yana haura milimita 1,000 a shekara, mafi yawansa a Agusta da Satumba. Duk abin da ya zuba a kan duwatsun nan sai ya gangaro ta cikin gari, ya bi ƙananan rafuka irin su Suka, ya nufi kudu, inda Kogin Chanchaga yake. Ke nan tun ranar farko Minna gari ne da ruwa ke ratsawa. Ko sunan unguwa kamar Rafin Yashi ya isa shaida.

A wancan zamani rafi shi ne famfo, shi ne wurin wanki, shi ne mashayar dabbobi. Kuma akwai ƙa'idar da kowa ya sani a ƙasar Hausa: wurin ɗibar ruwan sha yana sama, wanka da wanki a ƙasa da shi, dabbobi can ƙasa. Malamai sun karantar da cewa rijiya da kogi suna da harimi, wato filin da ke kewaye da su wanda ba mallakar mutum ɗaya ba ne, kuma addini ya hana yin bayan gida a mashaya. Idan rijiya ta buƙaci yasa ko hanya ta buƙaci gyara, mai unguwa ya sa a yi shela, samari su fito da fartanya da kwando, mata su kawo fura ko kunu. Wannan shi ne gayya. Maƙwabtanmu Gwarawa da Nufawa su ma suna da irin nasu aikin haɗin gwiwa. Jama'a ba su da yawa, sharar ma kusan duk mai ruɓewa ce: ganye, toka, ɓawon doya, kashin dabbobi da manoma ke kwashewa su kai gona.

Zamanin duba-gari

Turawan mulkin mallaka sun zo da tsoron sauro da annoba, sai suka kafa ma'aikatan tsafta da muke kira duba-gari. Dattawanmu suna tuna su. Duba-gari ya shigo har tsakar gida, ya leƙa randa, ya duba masai da kwata. Idan ya ga tsutsar sauro a ruwa, sai sammaci da tara. An samu tsafta, ba a musu. Amma wani abu ya sauya a zukatan mutane: tsafta ta tashi daga aikin da unguwa ke yi wa kanta, ta koma abin da ake yi don gudun hukuma. Ana jin duba-gari na tafe sai a kifar da randa, ya wuce a koma yadda ake.

A shekarun 1940 aka gina madatsar ruwa ta Bosso don bai wa garin ruwan famfo. Ta wadatar da ƙaramin gari na ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa. Sai dai daga ranar da ruwa ya fara zuwa ta bututu, dangantakar mutane da rafi ta fara sanyi. Wanda ba ya sha daga rafi ba ya damuwa da abin da aka zuba a cikinsa.

Babban birni, babbar madatsa

A Fabrairun 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta ƙirƙiro Jihar Neja, Minna ta zama hedikwata. Ma'aikata suka kwararo, aka yanka filaye, Tunga da Bosso da Chanchaga suka buɗe. Madatsar Bosso ta kasa, don haka a ƙarshen shekarun 1970 aka gina madatsar Tagwai, wadda ke ciyar da matatar ruwa ta Chanchaga. Har yau ita ce ƙashin bayan ruwan famfon garin. Amma garin bai tsaya jiran bututu ba. A ƙidayar 2006 ƙananan hukumomin Chanchaga da Bosso tare sun kusa mutum 350,000, kuma kowa ya ga yadda Kpakungu da Barkin Sale da Sauka Kahuta da Maitumbi suka ƙaru tun daga lokacin. Gidajen da famfo bai kai ba, ko ya kai amma ba ya kawo ruwa, sai suka dogara da rijiya da burtsatse da kurar 'yan ga-ruwa.

A tsakanin nan aka sake gwada tsafta ta hanyar doka. A Maris 1984 gwamnatin Janar Buhari da Idiagbon ta ƙaddamar da yaƙi da rashin ɗa'a, kuma a Yulin 1985, a Kano, aka buɗe ɓangarensa na tsaftar muhalli, har da kyautar naira miliyan 1 ga babban birnin jihar da ya fi tsafta. Daga nan al'adar share gari a Asabar ɗin ƙarshen wata ta samo tushe. An tare hanyoyi, an fito da mutane, gari ya yi fes. Da bulalar ta yi sanyi, safiyar Asabar ta zama lokacin ƙarin barci ga da yawa daga cikinmu. Labarin duba-gari ne ya dawo da kakin soja.

Ambaliyar 1986 da manyan magudanai

A daminar 1986 ambaliya ta yi wa Minna mummunar ɓarna, ta rusa gidaje. A lokacin ɗan garin ne, Janar Ibrahim Babangida, ke shugabancin ƙasa. Bayan wannan masifa aka gina manyan magudanan siminti da suka ratsa garin, waɗanda kamfanin Julius Berger ya yi. Aiki ne mai ƙarko, kuma ba garuruwa da yawa a Arewa ke da irinsa ba. Ya tsare dubban gidaje shekara da shekaru.

To amma rafin da aka yi wa siminti ya daina zama rafi a idon jama'a, ya koma lambatu. Yaron da aka haifa bayan 1990 bai san cewa wannan kwalbatin da ake aikensa ya juye shara a ciki hanyar ruwa ce da kakanni suka sha ba. A daidai wannan lokaci kuma leda ta mamaye kasuwa, ruwan leda da muke kira fiya wata ya bazu a shekarun 1990, robobin lemo suka biyo baya. Sharar da ba ta ruɓewa ta haɗu da ramin da ba mai shi. Inda simintin ya ƙare kuma, ruwan kan fito da ƙarfi ya ci gaɓa, ga gidaje an gina har bakin ruwa, ga masu haƙar yashi sun kwashe abin da ke riƙe da ƙasa.

Ina ƙazantar ke zuwa? Ba ta ɓacewa. Ruwan kwata da na masai da ke kwance a magudana da rani yana tsatsafowa cikin rijiyoyin da ba su da zurfi. Masu lambu a gefen magudanai suna ba alayyafo da latas da shi, mu saya mu ci. Da damina ruwa ya kwashi sauran ya kai wa ƙauyukan da ke ƙasa da mu, waɗanda kai tsaye suke ɗiba daga kogi. A can sama kuma, inda ruwan Tagwai da Chanchaga ke taruwa, noma har bakin gaɓa da sare itatuwa da wankin ƙasar zinariya suna tura laka cikin ruwa. Laka tana cike madatsa, ruwan da za ta riƙe ya ragu. Ruwa mai dauɗa kuma yana cin alam da sinadarin kashe ƙwayoyin cuta fiye da mai tsabta kafin ya zama na sha.

Abin da ke biyo baya mun san shi. A 2021 amai da gudawa ya kama fiye da mutum 100,000 a Najeriya, ya kashe fiye da 3,000, mafi yawa a Arewa. A 2015 gubar dalma daga aikin zinariya ta kashe yara 28 a ƙaramar hukumar Rafi, nan cikin jiharmu. A ƙarshen Mayun 2025 kuma ambaliyar Mokwa ta share Tiffin Maza da Unguwar Hausawa, aka rasa fiye da mutum 150. Allah Ya jiƙansu da rahama. Kowace masifa da nata sanadin, amma duka suna tuna mana cewa hanyar ruwa ba wurin wasa ba ce.

Yadda wasu suka yi

A Kano, Jakara da ta ratsa ta kusa da Kasuwar Kurmi ta zama misalin yadda rafin gari ke mutuwa ya koma kwata. Amma a Kanon ne kuma ƙungiyoyin taimakon kai da kai suka riƙe al'adar fitowa kafin damina su yashe magudanan unguwa, hukuma ta kawo motar kwashe abin da aka fitar. Gayya ce ta sa rigar zamani, da shugaba da ma'aji da rajista.

A Ingila, Kogin Thames da ya ratsa Landan ya yi warin da ya dami majalisar dokoki a 1858, kuma a 1957 masana suka ce wani sashensa ya mutu, kifi ba ya rayuwa a ciki. Yau akwai fiye da nau'in kifi 100. Matatun ruwan ƙazanta da doka ne suka yi babban aikin, 'yan sa-kai kuma har gobe suna fitowa tsintar roba a gaɓa. A Ruwanda sun ɗauki tsohuwar gayyarsu mai suna umuganda suka mayar da ita aikin Asabar ɗin ƙarshen wata, suka hana ledar zuba kaya a 2008. Darasin ɗaya ne: gayya kaɗai ba ta gina matata, siminti kaɗai kuma ba ya share kansa.

Abin da ya rage gare mu

Gayya ba za ta gyara bututu ko ta yashe Tagwai ba, wannan aikin hukumar ruwa ne, kuma haƙƙinmu ne mu riƙa tambaya. Amma akwai abin da ba wanda zai yi mana. Kowace unguwa ta san yankin magudanar da ya bi ta bayan gidajenta. A raba shi layi-layi, kowane yanki da sunan wanda ke kula da shi, da sanin mai unguwa da limami. A yi babbar yasa a Maris ko farkon Afrilu kafin ruwa ya sauka, a maimaita a tsakiyar damina. Kafin a sa rana a daidaita da hukumar kare muhalli ta jiha, NISEPA, kan motar da za ta kwashe, domin dattin da aka tara a bakin lambatu ruwan farko ne ke mayar da shi ciki. Masu shiga su sa takalmin roba da safar hannu, kada a sa ƙananan yara, kuma kada kowa ya shiga magudana idan hadari ya haɗu. Robobin da aka tsinta 'yan jari-bola suna saye, kuɗin ya shiga asusun cebur da baro.

Inda gaɓa ƙasa ce ba siminti ba, shara kaɗai ba ta isa ba, sai an dasa. Jema, ciyawar nan da ake saƙa zana da ita, saiwarta tana nutsewa ƙasa ta riƙe gaɓa kamar raga. Gora ma haka. A bayansu a sa itatuwan da suka saba da bakin ruwa, irin su giyayya da malmo da ɓaure. Tsirin da ke gefen rafi yana rage gudun ruwa, ya tare laka da taki kafin su shiga. Masu gonaki a bakin kogi mu roƙe su su bar 'yan taku ba noma. Harimin da malamai suka faɗa ke nan.

Sannan abu mafi wuya, wanda duba-gari da soja suka kasa: a samar wa kowane layi wurin zuba shara da mai kwashe ta, ko da karo-karo ne. Matar da ba ta da inda za ta kai shara, lambatu za ta aika yaro, komai wa'azin da aka yi mata. Don haka duk shawarar da za a yanke, a sa iyayenmu mata a ciki tun farko.

Shekara 100 da ɗoriya ke nan ana kawo mana magani daga sama, kuma mun gode da Bosso da Tagwai da manyan magudanai. Abin da ya ɓace a hanya shi ne shelar mai unguwa da fitowar samari. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Duk unguwar da ta riga ta fara, ta sanar da mu yadda take yi don wasu su koya. Wadda ba ta fara ba, taron wata mai zuwa ya isa a sa rana. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kare mu daga ambaliya da annoba, amin.