Gidan Dafa Giya na New Albion da Farfaɗowar Wata Sana'a a Amurka

Cikin watan Oktoba na shekarar 1976 wani mutum mai suna Jack McAuliffe ya kafa wani ɗan ƙaramin gidan dafa giya a garin Sonoma, cikin jihar Kalifoniya ta Amurka, ya sa masa suna New Albion. Shekara shida kaɗai gidan ya yi, ya rushe. Duk da haka masana tarihin sana'o'in ƙasar suna lissafa shi a kan shi ne mafarin ƙananan gidajen da su ke dafa giya da hannu a wannan zamani. Giya dai sananne ne matsayinta a shari'ar Musulunci. Abin da za mu duba a nan shi ne yadda sana'a ta kan mutu a hannun doka da manyan kamfanoni, da kuma yadda ta kan tashi.

A shekarar 1873 akwai gidajen dafa giya 4,131 a Amurka. Galibinsu ƙanana ne, kowanne yana sayar wa mutanen garinsu, kowanne kuma da irin dahuwarsa. Cikin Janairu 1920 dokar hana yin giya da sayar da ita ta fara aiki a ƙasar baki ɗaya, ba a kuwa soke ta ba sai Disamba 1933. Cikin waɗannan shekaru gwanaye suka tsufa ba su koya wa kowa ba, tukwane suka yi tsatsa. Da aka soke dokar, gidajen da suka sake buɗewa ba su kai dubu ɗaya ba.

Waɗanda suka tsira ma ba su sami sakewa ba. A 1935 aka fara zuba giya cikin gwangwani, sa'an nan ga motoci masu sanyi, ga talla a rediyo da talabijin. Babban kamfani ya sami ikon kai kayansa kowane lungu da araha, ya riƙa saye ƙananan yana rufewa. Kafin 1978 gidajen da suka rage ba su kai ɗari ba, giyarsu kuma kusan duk iri guda ce.

Shi McAuliffe sojan ruwa ne a da. Sa'ad da a ka kai shi aiki Sikotilan cikin shekarun 1960, ya tarar da giya iri iri wadda babu ita a ƙasarsu, ya koyi dafa ta da kansa. Da ya komo gida sai ya ga ba shi da jarin sayen injuna, saboda haka ya tara tsofaffin gangunan ƙarfe da kayan aikin madara, ya yi musu walda da hannunsa, suka zama tukwane. Mata biyu, Suzy Stern da Jane Zimmerman, suka zuba kuɗi tare da shi. Sunan kuwa ya ɗauko shi daga wanda Francis Drake, baturen Ingila, ya raɗa wa wannan gaɓar teku a 1579. A 1977 aka fara sayarwa. Kowace dahuwa ganga ɗaya da rabi ce, ganga kuwa wajen lita 117.

Masu saye ba su yi ƙaranci ba, abin da ya ke dafawa ne ya kasa biyan ɗawainiyar gidan. Ya nemi bashi don ya faɗaɗa, masu kuɗi suka ƙi, domin ba su taɓa ganin irin wannan ciniki ya ci riba ba. A ƙarshen 1982 aka rufe.

To, me ya sa aikin da ya karye ya zama tushe? Dalili na fari, ya nuna wa mutane ido da ido cewa sana'ar ba ta fi ƙarfin mutum guda ba. Cikin waɗanda suka je suka duba akwai Ken Grossman, wanda ya buɗe Sierra Nevada a garin Chico a 1980. Tukwanen New Albion kansu an kwashe su zuwa garin Hopland, inda aka buɗe wani gidan da su a 1983. Dalili na biyu, dokar da ta kashe sana'ar ita ce ta juyo ta raya ta. A 1976 aka rage wa ƙananan gidaje haraji daga dala 9 zuwa dala 7 a kan ganga, a 1978 kuma Shugaba Carter ya sa hannu a dokar da ta halatta wa mutum ya dafa a gidansa. Daga cikin masu dafawa a gida aka sami sababbin gwanaye. A 2015 yawan gidajen ya wuce na 1873, a 2022 ya haura 9,000. Ɗan hakin da manyan kamfanoni suka raina ya tsone musu ido, har suka koma saye ƙananan da kuɗi masu yawa.

Wannan al'amari ya iso Nijeriya, gama a 2017 aka kafa irin wannan gida a Abuja, sunansa kuma Bahaushiyar kalma ce, watau Bature. Abin lura ga mai nazarin tarihin sana'a shi ne, kada ya auna ta da ribar wanda ya fara ta kaɗai. Ya kamata ya duba wa ya koya a wurinsa, ina kayan aikinsa suka koma, wace doka kuma ta buɗe hanya ko ta toshe ta.