Tallafin kuɗi da kiwon kaji a karkara: yadda abin yake a Nijar da maƙwabtanta

A ƙasashen Sahel akwai shirye-shiryen da gwamnatoci ke ba wa gidaje masu ƙaramin ƙarfi kuɗi kai tsaye a hannu, ba tare da an ce sai sun biya ba. A Faransanci ana kiransu « filets sociaux ». Manufarsu ta farko ita ce kada iyali su kwana da yunwa. Sai dai mata da yawa da ke karɓar kuɗin sukan ware wani abu daga ciki su sayi kaji ko zabi, kuma daga nan ne wasu gidaje ke samun sana'arsu ta farko bayan noma.

Nawa ake bayarwa, kuma su wa ke samu?

A Nijar, shirin ya soma ne a shekarar 2011 da tallafin Bankin Duniya, a jihohin Dosso, Maradi, Tawa, Tilaberi da Damagaram. Da farko kowane gidan da aka zaɓa yana karɓar jaka 10 ta kuɗin sefa a wata, har tsawon watanni 24, kuma galibi mace ce ake rubuta sunanta. Ana zaɓen gidajen ne bayan an bi su da tambayoyi a kan irin ginin gida, yawan iyali da abin da suka mallaka.

Kamaru tana da irin wannan shiri, wanda aka fara gwajinsa a Soulédé-Roua da ke yankin Arewa Mai Nisa da kuma Ndop. Tsarin biyanta ya sha bamban: sefa dubu 360 cikin shekaru biyu, wato dubu 20 duk bayan wata biyu, sai dai a wata na 12 da na 24 dubu 80 ake bayarwa a maimakon dubu 20 domin a ja jari. Ghana tana da shirin LEAP tun 2008. Cadi da Burkina Faso da Mali da Moritaniya da Senegal suna cikin shirin haɗin gwiwa na Sahel da Bankin Duniya ya kafa a 2014, tare da Nijar. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ita kuma tana da nata salon mai suna Cash+, inda ake haɗa kuɗin da kaji ko awaki ko iri.

Me ya sa kaza?

Jaka 10 ba ta sayen saniya, kuma sai an tara ta 'yan watanni kafin ta kai ga akuya. Kaza kuwa da canjin da ya rage bayan an auno hatsi ma ana iya sayenta. Ba ta bukatar fili ko makiyayi. Tana yini tana tonon abincinta a bayan gida, da yamma a watsa mata ɗan tsaki ko dusa. A yawancin gidajen Hausawa kaji dukiyar mata da yara ne, don haka matar da ta karɓi tallafi tana iya saye da sayarwa ba tare da doguwar shawara ba.

Sannan tana saurin juyawa. Kazar gida tana soma ƙwai tana da kimanin wata shida. Tana yin 10 zuwa 15 a zubi ɗaya, ta kwanta a kansu kwana 21, kuma takan yi haka sau uku ko huɗu a shekara. A ƙaddara mace ta sayi kaji biyar da zakara ɗaya, kowace ta ƙyanƙyashe tsaki goma sau uku: tsaki 150 ke nan a lissafin takarda. Abin da ke kaiwa kasuwa daga cikinsu ya dogara ne da cuta da shaho da yunwa, kuma a gidan da ba a kula sosai rabi ko fiye na iya salwanta kafin su girma.

Amma babban aikin da tallafin ke yi wa kiwon ba wajen saye ba ne. Talaka a ƙauye ya daɗe da sanin kaza. Abin da ke hana garkensa yawa shi ne duk lokacin da rumbu ya ƙare, musamman daga watan Yuni zuwa Satumba kafin sabon gero ya nuna, ko yaro ya kwanta da zazzaɓi, kazar ce ake fara kamawa a kai kasuwa, ko da kuwa tana kwanci. Idan akwai kuɗin da ke shigowa a kan kari, hatsi da magani suna fitowa daga can, sai a bar uwar ta raini 'ya'yanta. Shi ya sa biyan da ke zuwa a kan lokaci ya fi amfani ga mai kiwo fiye da wanda ake tarawa a biya bayan jinkiri.

Asusu da jari

Tun daga matakin gwaji a Nijar, binciken da aka yi watanni 18 bayan an daina biya ya nuna cewa gidajen da suka karɓa sun fi maƙwabtansu dabbobi, kuma sun fi shiga adashi. Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar da ƙungiyar CARE ta fara tsarin Mata Masu Dubara a jihar Maradi a 1991, tsarin asusun mata da daga baya ya bazu a Afirka. Mace tana zubi kowane mako, idan ta ga kaji sun yi araha a kasuwa sai ta ranto daga akwatin, ta biya bayan ta sayar da zakaru.

Daga baya gwamnatin Nijar ta ƙara wasu matakai a kan biyan wata-wata: kafa ƙungiyoyin asusu, horo kan ƙananan sana'o'i, mai ba da shawara daga cikin 'yan ƙauyen, majigi da tattaunawa da mazaje da dattawa, da kuma jarin jaka 80 a dunƙule. Sakamakon binciken da aka yi a kan wannan tsari ya fito a mujallar kimiyya ta Nature a 2022. Ya nuna cewa cin abincin gidajen ya inganta kuma kuɗin da matan ke samu daga sana'o'insu ya ƙaru. Wani abin lura shi ne, rukunin da bai samu jaka 80 ɗin ba, sai horo da tattaunawa kawai a kan tallafin da suke karɓa, shi ma ya ci gaba sosai.

Cutar da ke share akurki

Duk mai son sa kuɗin tallafi a kaji ya kamata ya fara sanin cutar Niyukasil, wadda likitocin dabbobi a ƙasashen renon Faransa ke kira « pseudo-peste aviaire ». Ta fi ɓarna a lokacin hunturu. Kaza takan yi laushi, ta saki fukafukai, ta yi koren kashi, wani lokaci wuyanta ya murɗe. Cikin 'yan kwanaki tana iya kashe kusan duk kajin unguwa. Ba ta da magani idan ta kama. Kafso da barkono da ake zubawa a ruwa ba sa kashe ƙwayar cutar. Rigakafi ne kawai ke tare ta.

Rigakafin kuma ba shi da tsada idan aka kwatanta da kuɗin kaza guda. Akwai na allura, akwai wanda ake ɗigawa a ido mai suna I-2, wanda aka yi shi don ya fi jure zafi, kodayake shi ma ba a barinsa a rana. Ana maimaita na idon kusan duk wata huɗu, kuma lafiyayyun kaji ake yi wa, kafin sanyi ya shigo. Nijar tana da cibiyar LABOCEL a Yamai, Kamaru tana da LANAVET kusa da Garwa, dukansu suna aikin rigakafin dabbobi. Matsalar ita ce kwalba guda ta kaji da yawa ce, kuma da zarar an buɗe ba ta daɗewa. A nan ƙungiyar asusu ke da rana: mata su haɗa kuɗi, su sa rana, su kira mai allura ya yi wa kajin ƙauyen gaba ɗaya. Shirin tallafin da ya ƙarfafa wa mata sayen kaji bai tanadi mai allura ba, aikinsa bai cika ba.

Mazauna kan iyaka suna da ƙarin dalilin yin hattara. Murar tsuntsaye ta ɓulla a Magarya cikin watan Fabarairun 2006, jim kaɗan bayan an gano ta a arewacin Najeriya, kuma tsuntsaye na tsallaka iyaka kowace ranar kasuwa. Kazar da aka sayo, daga kowace kasuwa, a ware ta kamar mako biyu kafin a haɗa ta da na gida. Idan aka ga ana karyar da farashi ba dalili, sau da yawa masu su ne ke gudun asara saboda cuta ta shigo garinsu.

Tsaki da zabi

Makonnin farko su ne mafi haɗari. Rufe tsaki da uwarsu a ƙarƙashin babban kwando ko cikin akurki na wata ɗaya zuwa biyu yana kare su daga shaho da muzuru, amma fa dole a ciyar da su. Dusa kaɗai ba ta isa. Manoma da yawa suna cika tsohuwar tukunya da kashin shanu da karmami, su yayyafa ruwa, su kife ta a hanyar gara. Da safe sai a juye wa tsakin. A sa musu ruwa mai tsabta a kasko marar zurfi don kada su nutse.

Zabuwa ta fi kaza tsada a kasuwa, kuma ƙwanta yana da masu saye sosai da damina, lokacin da take zuba shi. Sai dai ba ta iya raino ba, shi ya sa ake sa wa kaza ƙwanta, wanda ke ɗaukar kwana 26 zuwa 28. 'Ya'yan zabi kuma sanyi da raɓa da tsutsar ciki suna kashe su da sauri. Mai farawa da ɗan jari gara ta soma da kaji, ta ƙaro zabi idan hannunta ya faɗa.

Kajin Turawa na gona kuwa, masu ƙwai ko na nama, wani lissafi ne daban. Suna bukatar abincin buhu kullum, da jerin allurai, da ɗaki mai iska. Jaka 80 na iya ƙarewa a abinci tun ba a sayar da ko ɗaya ba.

Wajen sayarwa, kasuwa ta fi kyau gab da Ƙaramar Sallah da ƙarshen shekara, lokacin Kirsimeti da sabuwar shekara, sa'ad da dillalai ke bin kasuwannin ƙauye suna tara wa birane kamar Yamai, Maradi, Marwa da Njamena. Zakarun da aka ƙyanƙyashe wata biyar ko shida kafin nan su ne ke riskar wannan farashi.