Zaɓen Man Giya Ga Motocin A-kori-kura Masu Jan Kaya: Nazari Daga Zangon Kwatano

Tsakure

Maƙalar ta duba man da ya dace da akwatin haƙoran ƙafafun baya, wanda makanikan ƙasashen renon Faransa ke kira "pon", a motocin a-kori-kura masu jan tirela ko ɗaukar lodi daga Zangon Kwatano. An auna ƙa'idojin API da SAE J306 da yanayin hanyar da motocin ke bi. Matsayin maƙalar shi ne, ajin mai ya fi kaurinsa muhimmanci.

1.0 Gabatarwa

Zango unguwa ce ta fatake, Hausawa da sauran Musulmi 'yan arewa, kuma abincin da yawa daga cikinsu yana rataye da tashar jiragen ruwa ta Kwatano. Kayan da suka sauka can sukan bi babbar hanyar arewa ta Bohikon da Paraku da Kandi har Malanbil a bakin Kogin Kwara, tafiyar fiye da kilomita 700. Kafin rufe iyakar Nijar a 2023, ita ce babbar kafar shigar kayan Nijar. Motoci irin su Toyota Hilux da tsohuwar Peugeot 504 suna cin wannan hanya da lodin da sau da yawa ya zarce ƙa'ida. Duk da haka, in an zo juye, tambayar da aka saba ji a gareji ita ce: "90 za a zuba ko 140?" Lambar kauri ake tambaya, ba a tambayar aji, wato GL-4 ko GL-5 na ƙa'idar API.

2.0 Dalilin Fifita GL-5

A cikin pon, ƙaramin haƙori yana zaune ne ƙasa da tsakiyar babban faifai, tsarin da kamfanin Packard na Amurka ya fara sa wa motocinsa a 1926. Saboda wannan zama, haƙoran ba mirginawa kaɗai suke yi ba, har da gogar juna. Idan mota ta ɗauki hawa da tirela a baya, nauyi yakan matse man ya fita daga tsakaninsu, ƙarfe ya haɗu da ƙarfe. A wannan lokaci kauri ba ya ceto. Abin da ke ceto shi ne sinadaran farar wuta da fosfaras da aka gauraya a man, waɗanda zafi ke sa su kama fuskar ƙarfen su yi mata wata siririyar riga, ita ce ke cinyewa maimakon haƙori. Su ne ke ba da warin nan mai hawa kai idan bakanike ya kwance notin juye.

Man GL-4 yana ɗauke da kimanin rabin abin da GL-5 ke da shi na waɗannan sinadarai, don haka bai isa ga pon mai jan kaya ba. Shi kuma GL-5 yana iya cin zobban tagulla na akwatin giya a motocin da aka rubuta musu GL-4. Al'adar ɗiban mai daga jarka ɗaya a zuba wa akwatin giya da pon, a irin waɗannan motoci, ko ta ina aka bi, ɗaya daga cikinsu yana iya cutuwa.

3.0 Kauri

A ƙa'idar SAE J306, kaurin mai lamba 90 a zafin digiri 100 yana tsakanin santistok 13.5 da 18.5, lamba 140 kuwa tsakanin 24 da 32.5. Lambar da ke kafin harafin W ta sanyi ce: 75W yana gudana har digiri 40 ƙasa da sifili, 85W har 12 ƙasa da sifili. Daga Kwatano zuwa Malanbil, inda zafin bazara kan haura 40, ba wanda zai ga irin wannan sanyi, saboda haka lambar da ke bayan W ce abin dubawa. Motar da aikinta jan tirela ne kullum tana iya amfana da 85W-140 in littafinta ya yarda, domin zafi yana tsinka mai, kuma ƙarin kowane digiri 10 yana kusan ninka saurin lalacewarsa. Amma zuba 140 don a rufe bakin pon mai kuka ɓoye ciwo ne. Pon mai kama ƙafafu biyu in ɗaya ta zame kuwa, sai man da aka rubuta wa LS.

4.0 Ruwa

Kwatano gari ne na rairayi tsakanin teku da tafkin Nokuwe, kuma da damina tituna kan cika. Idan pon mai zafi ya nutse a ruwa, iskar cikinsa takan takure ya zuƙo ruwa ta kafar numfashinsa. Alamar a bayyane take: man yakan koma fari-fari kamar shayi da madara, kuma ko GL-5 ne ya tashi aiki.

Muna kira ga shugabannin makanikai da direbobin Zango da su daina karɓar man giya na awo daga jarkar da ba ta da rubutu. A karanta GL-5 a jikin galan kafin a biya kuɗi, a kuma buɗe pon a duba launin man duk ranar da mota ta ratsa ruwan da ya kai tsakiyar taya.