Haƙƙin Na Ƙasa a Kan Na Sama: Mas'alar Ruwa a Kwarin Haɗeja

Wanda duk ya zauna da dattawan Auyo ko na Guri ko na Kirikasamma, ya ƙyale su suka yi ta kawo labarin kogi yadda suka tashi suka same shi, zai lura cewa abin da suka fi kewa shi ne cika alkawarinsa. A da, in damina ta yi nisa, wajen watan Agusta zuwa Satumba, ruwa yakan tumbatsa ya malale fadama, ya shayar da shinkafar da aka shuka tun saukar ruwan fari, ya kai kifi cikin ciyawa ya hayayyafa. Sa'an nan in kaka ta kama sai ya janye da sannu, ya bar laima a ƙasa wadda manomi zai bi da wake, ya bar tafkuna cike ga masunta, ya bar ɗanyar ciyawa wadda Fulani ke gangarowa dominta daga nesa in rani ya tsananta. Fili guda yana ciyar da manomi da masunci da makiyayi a shekara guda, kowa da lokacinsa, ga masu yankan kaba da masu kwasar kanwa a gefe. Wannan tsari bai dogara da kome ba illa abu biyu, zuwan ruwa da tafiyarsa, kuma tafiyar ba ta gaza zuwan daraja ba ko kaɗan, ko da yake ita ce aka fi mantawa da ita.

Kogin Haɗeja daga haɗuwar kogin Kano da na Calawa yake samuwa, ya ratso ta Wudil da Ringim, har in ya wuce birnin Haɗeja sai ya shiga tsakanin tsofaffin tuddan rairayi ya rarrabu rassa, akwai Marma mai zuba a tafkin Nguru, da Burum Gana, da tsohuwar hanyar kogin. Abin da ya tsira ya sadu da kogin Jama'are kafin Gashuwa, su zama kogin Yobe, su nufi Tafkin Cadi. A shekarar 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka kammala madatsar Tiga a kan kogin Kano, a 1992 kuma aka kammala ta Calawa. Niyyar da aka gina su da ita ba abin zargi ba ce, domin fari ya gwada wa ƙasar nan azaba a farkon shekarun 1970, birnin Kano yana neman ruwan sha, gonakin Kadawa kuma suna neman na ban-ruwa. Amma madatsa, kome kyawun niyyar mai gina ta, aikinta guda ne, watau ta riƙe ruwan damina ta riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan da rani, saboda haka kogin da ya saba cika ya ƙafe sai ya koma ba ya cika sosai, ba ya kuma ƙafewa sarai.

An fara ƙididdige asarar tun da wuri. A 1987 aka kafa shirin kiyaye dausayin Haɗeja da Nguru, kuma in za a faɗi gaskiya, abin da ya fara jawo hankalin Turawan da suka tallafa masa shi ne tsuntsayen da ke ƙetaro Sahara daga Turai su yi hunturu a nan; mutane daga baya suka shigo lissafi. Duk da haka aikin ya yi fa'ida, domin a cikinsa ne masana irin su Edward Barbier da William Adams da Kevin Kimmage suka auna abin da fadama ke bayarwa na noma da kifi da itace, suka gwada shi da abin da aikin ban-ruwa na kogin Kano ke bayarwa, suka tarar cewa in da ma'aunin ruwa za a yi hukunci, watau abin da kowane mudu na ruwa ke haifarwa, to fadamar ta fi riba nesa ba kusa ba. Littafin da Hollis da Adams da Muhtari Aminu-Kano suka tattara a 1993 ya ajiye wannan hujja a rubuce. Abin da hujjar ta kasa shi ne ta motsa ƙofar madatsa, domin ribar gonar gwamnati tana shiga kundin ofis da adadinta, ribar fadama kuwa a tukunyar talaka take ƙarewa, ba wanda ke rubuta ta.

Daga wannan sauyi ne kacalla ta sami mulki. Ciyawa ce da ke son ruwa marar zurfi wanda ba ya yankewa, kuma a da rani ne ke kashe ta kowace shekara, ba tare da an biya kowa lada ba. Da ranin kogi ya gushe, sai ta kafa saiwa a bakin magudanai, ta rage wa ruwa gudu, ruwan da ya rage gudu ya sauke yashin da ya ɗauko, yashin ya ƙara wa kacalla wurin tsayawa, haka dai abin ya yi ta ciyar da kansa har tsohuwar hanyar kogi da Burum Gana suka toshe, galibin ruwan ya karkata zuwa Marma. Sakamakon haka ya zo da fuska biyu masu ban mamaki: a wani gari gonaki sun nutse shekara da shekaru, a wani garin da ke gabansa kaɗan rijiyoyi suna ja da baya. Cikin duhun ciyawar nan jan-baki ke kwana ya wayi gari a kan shinkafa da gero, cikinta sauro ke haihuwa, da dodon-koɗin da ke ɗauke da tsargiya. In kuma aka yi damina mai ƙarfi, kamar ta 2018 da ta 2020 da ta 2022, ruwan da ya rasa hanyarsa sai ya nemi ta cikin gidajen mutane.

To, mas'alar da nake so in tsaya a kanta ita ce: a wuyan wa gyara ya rataya? Malamanmu na fiƙihu ba su bar wannan babi fayau ba. Sanannen abu ne a wurinsu cewa ruwan kogi da makiyaya tarayya ce tsakanin jama'a, ba mallakar wanda ya riga isa ba. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik an kawo hukuncin da aka yanke game da kwaruruka biyu na Madina, Mahzur da Muzainib, cewa mai gonar sama ya tare ruwa har ya kai idon sawu, sa'an nan ya sake shi ga na ƙasa da shi. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo kuma, a littafinsa Ta'alimur Radi, ya yi bayanin hanyoyin da ƙasa ke keɓanta ga mutum, da hurumin da ake bar wa gari da rijiya da kogi, da filin da shugaba ke killacewa saboda maslahar jama'a. Abin lura a hukuncin idon sawu shi ne ya tabbatar wa na sama da haƙƙin fara sha, amma ya yi wa haƙƙin iyaka da ma'aunin da ko yaro zai iya dubawa. Ni a ganina wannan ita ce ƙa'idar da ta dace da kwarin nan tun daga Tiga har Gashuwa, da sharaɗin a tuna cewa babu wanda ke bakin kogin nan face yana sama da wani. Bahaɗejen da ke kuka da Kano, shi ne Kanon mutumin Nguru da na Bade.

Saboda haka talakan fadama ba zai wanke hannunsa ya ce laifin duka na madatsa ne ba, ko da yake nata ya fi girma. Masuncin da ya gitta dumba daga gaɓa zuwa gaɓa, ya jera gura ya tare magudana baki ɗaya, ya kama kifin da ya kamata ya wuce ga na gaba, ya kuma tara wa kacalla yashi. Manomin da ya fasa gaɓar kogi da dare domin ya jawo ruwa gonarsa, in damina ta zo ta wannan kafar ce ambaliya ke shiga unguwar maƙwabcinsa. Wanda ya zuba maganin ƙwari a tafki don kifi ya taso, ya ci na yau ya kashe na baɗi. Haka masu saran itace a dajin Baturiya, wanda aka sa cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2008, bayan tafkin Nguru da Marma da aka sa a 2000. Waɗannan duka abubuwa ne da sarkin ruwa da bulama da mai unguwa suka san masu yinsu da suna, kuma a da suna da ikon hanawa. Raunin da sarautun nan suka yi, tun da aka mai da hukuncin ruwa da daji hannun ma'aikatan da ke zaune a hedkwata, yana cikin illolin da ba a cika ambata ba.

Amma adalci ne a faɗi cewa mutanen nan sun yi abin da ya fi ƙarfinsu. Garuruwa da yawa sun yi ta fita gayya, da lauje da adda da kwalekwale, maza tsundum cikin ruwa har ƙirji, suna yanke kacalla suna buɗe hanyoyin da suka toshe, kuma inda aka buɗe an ga ruwa ya koma gonakin da aka fid da rai da su. Wannan farilla ce ta kifaya da suka ɗauke wa al'umma. Sai dai ina jin tsoron yawan yabon gayya, domin yabo ne mai arha ga wanda ba ya shiga ruwan, kuma yakan zama mafaka ga hukuma. Ciyawar da aka yanke bana, muddin ruwan rani bai yanke ba, baɗi za ta dawo. Ko injunan haƙa masu tafiya a kan ruwa da gwamnati ta kawo, alamar cutar suke magani, sababinta yana can a yadda ake buɗe ƙofofin Tiga da Calawa, wanda ke hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are da aka kafa a 1976.

Game da 'yan kasuwa da masu masana'antu kuwa, nauyinsu gwargwadon ruwan da suke taɓawa ne, kuma suna taɓa mai yawa. Majemun zamani da masaƙun da ke Sharaɗa da Calawa a Kano sun daɗe ana kuka da dagwalon da ke fita daga unguwanninsu zuwa kogin Calawa, alhali wannan ruwan ne mai lambu a Wudil zai ba tumatirinsa, shi ne kuma kifin da ake bandawa a kasuwar Haɗeja ya sha. Tace dagwalo kafin a sake shi yana da tsada, gaskiya ne, amma tsadar ba ta ɓacewa don an ƙi biyanta, tana gangarawa ne kawai ta sauka a kan wanda bai ci ribar fatar ba. Wannan kuwa shi ne ainihin cutarwar da shari'a ta hana. A ƙasa kuma noman shinkafar rani ya bunƙasa ƙwarai, musamman tun da kamfanin Dangote ya ƙaddamar da shirinsa na manoman shinkafa a Haɗeja a 2016, ga masu injunan casa manya da ƙanana, ga dillalan taki da maganin feshi da injunan ban-ruwa. Ba na cikin masu ganin wannan a matsayin musiba, domin ya sa kuɗi a hannun samarin da da sun tafi ci-rani. Abin da nake cewa shi ne duk buhun shinkafar da ya fita daga kwarin nan ruwa ne aka ɗaure a cikinsa aka kai kasuwa, kuma wanda arzikinsa ya dogara ga magudana, wajibi ne ya sa hannu a kuɗin yashe ta, a matsayin haƙƙi tsayayye da aka sani, ba kyautar da ake kira 'yan jarida su ɗauki hotonta ba. Dillalin maganin feshi kuma da ya sayar wa wanda bai iya karanta takardar jikin kwalba ba, bai sauke amana ba sai ya gaya masa abin da zai faru in ya wanke tankinsa a tafki.

Akwai ma ƙofar ciniki a cikin ita kanta ciyawar. A kwarin kogin Sanagal, inda madatsar Diyama ta jawo irin wannan annoba bayan 1986, an gwada mai da kacalla gawayin girki da kayan rufin ɗaki. In mai jari ya sa kuɗinsa a irin wannan a Haɗeja, mai yanka zai sami lada, itacen Baturiya kuma ya sami sauƙi.

Za a ce mini, to Kano fa, da miliyoyin mutanenta, a bar ta da ƙishirwa saboda fadama? Ba wanda ya nemi haka, kuma hukuncin idon sawu bai hana na sama sha ba. Abin da masana suka daɗe suna nema shi ne a riƙa sakin ruwa mai yawa a lokacin damina yadda zai kwaikwayi cikar da aka saba, ya share magudanai, sa'an nan a tsuke shi a wani yanki na rani har kacalla ta ga fari. Ba mafarki ba ne, domin a Kamaru, bayan madatsar Maga ta 1979 ta busar da fadamar Lagone, an sake buɗe wa ruwa hanya a 1994, kifi da ciyawa da shanu suka dawo wani sashe nata. Wahalar a nan ita ce mai shinkafar rani a Auyo yana son ruwan a daidai watannin da ake so a tsuke shi, saboda haka ba ranar da za a zaɓa wadda ba za ta taɓa wani ba, kuma ba injiniya ne kaɗai zai zaɓe ta ba. A 2006 jihohin da kogin ya ratsa sun taru a Damaturu, suka amince da asusun amana na kwarin Haɗeja da Jama'are da Yobe, aka kuma tsara yarjejeniyar rabon ruwa. Zauren yana nan, ashe. Abin da ya rage shi ne a ga sarkin ruwan Guri da arɗon da ke kiwo a Baturiya da mai injin casa na Haɗeja da wakilin majemun Kano sun zauna a cikinsa tare da mai riƙe da mabuɗin Tiga, kafin damina ta faɗi, a karanta musu ranakun buɗewa da na rufewa, a kuma sanar da su a rediyo da masallatan Juma'a yadda mai gona a bakin Marma zai san makon da ruwa zai iso masa.