Tarihin Kafuwar Super Falcons da Gwagwarmayarta a Gasannin Duniya

Shekarar 1991, wadda a cikin watanta na Agusta aka yanke Jihar Jigawa daga Kano aka mai da Dutse fadar mulkinta, ita ce kuma shekarar da 'yan matan Nijeriya suka fara fita duniya da sunan ƙasarsu a fagen ƙwallon ƙafa. Don haka duk mutumin Dutse da yake lissafin shekarun jiharsa, to shekarun wannan ƙungiya ta Super Falcons yake lissafawa ko bai sani ba. Asalin al'amarin daga kudu ya taso, inda wasu masu hali, irin su Gimbiya Bola Jegede ta Legas, suka riƙa tara 'yan mata suna ɗaukar nauyinsu da dukiyarsu, a zamanin da hukuma ba ta ɗauki wasan mata a bakin komai ba. Sa'ad da hukumar FIFA ta yi shelar gasar cin kofin duniya ta mata ta farko a ƙasar Sin, ta kuma ba Afirka gurbi ɗaya tak, daga cikin waɗannan ƙananan ƙungiyoyi aka tsamo waɗanda suka doke sauran ƙasashen nahiyar suka karɓe gurbin.

Tafiyar farko ba ta yi armashi ba. A ƙarƙashin wani mai horarwa ɗan ƙasar Holan, Jo Bonfrere, wanda daga baya ya ciyo wa maza zinare a wasannin Olamfik na Atlanta a 1996, sun buga wasa uku, da Jamus da Italiya da Taiwan, aka cinye su duka, suka dawo gida ba su jefa ko ƙwallo ɗaya a raga ba.

Wanda ya ɗaga darajar ƙungiyar zuwa matsayin da har yau ba a wuce shi ba, mutumin Arewa ne, marigayi Isma'ila Mabo na Jos, tsohon ɗan wasan Mighty Jets, Allah Ya jiƙansa da rahama. Kuma ina ganin wajibi ne a riƙa ambaton wannan, saboda da yawa daga cikinmu sun ɗauka ba mu da hannu a cikin wannan tarihi ko kaɗan. Shi ya kai su gasar kofin duniya a Amurka a 1999, inda suka doke Koriya ta Arewa da ci 2-1, masu masauki suka yi musu kaca-kaca da ci 7-1, amma maimakon gwiwarsu ta yi sanyi sai suka tashi suka cinye Denmak da ci 2-0, suka shiga sahun ƙasashe takwas na ƙarshe. A nan suka gamu da Barazil. Kafin a tafi hutun rabin lokaci an zura musu uku, har masu kallo sun fidda tsammani, sai ga shi bayan an dawo Prisca Emeafu da Nkiru Okosieme da Nkechi Egbe sun farke su ɗaya bayan ɗaya, aka tafi ƙarin lokaci, inda bugun tazara na Sissi, 'yar wasan Barazil, ya raba gardama. Alal haƙiƙa an yi rashin nasara a wannan rana, amma rashi ne irin wanda yake ƙara wa mai shi kwarjini. Mabo ya sake kai su wannan mataki a wasannin Olamfik na Atina a 2004, Jamus ta fitar da su da ƙyar da ci 2-1.

A cikin Afirka kuwa sarautar tasu ce. Tun daga gasar kofin Afirka ta 1998 da aka yi a Kaduna da Abeokuta, sun ɗauki kofin sau biyar a jere har zuwa 2006, kuma babu wanda ya taɓa ƙwace shi sai Ikwatoriyal Gini a 2008 da 2012, da Afirka ta Kudu a 2022. Perpetua Nkwocha ta zama gwarzuwar nahiya sau huɗu, Asisat Oshoala sau shida.

Sai dai akwai abin da yake sosa mini rai, wato yadda aka sha tauye musu haƙƙi, alhali shari'a da al'ada sun haɗu a kan cewa ladan ma'aikaci amana ce a wuyan wanda ya sa shi aiki. A 2004 a Afirka ta Kudu, da 2016 a Abuja, da 2019 a Faransa, sai da suka ƙi fita daga masaukinsu suna neman a biya su alawus ɗin da suka riga suka yi wa gumi, biyu daga cikin waɗannan lokuta ma da kofi a hannunsu.

Mu a nan Dutse da kewayenta, daga Kiyawa zuwa Birnin Kudu, galibi a gidajen kallo muka san su, kuma uzurin iyaye na ƙin barin 'ya'yansu mata su shiga fili, wato batun sutura da kunya, uzuri ne mai tushe wanda bai kamata a raina shi ba. Amma tun 2014 dokar wasan ta halatta rufe kai, kuma a gasar duniya ta 2023, wadda Falcons suka doke Ostareliya a gidanta da ci 3-2 kafin Ingila ta fitar da su a bugun daga kai sai mai tsaron gida, an ga Nouhaila Benzina ta Maroko ta buga wasa da hijabinta. Ƙasar tata ce Falcons suka tarar a wasan ƙarshe na gasar kofin Afirka a Rabat ranar 26 ga Yuli, 2025, a ƙarƙashin Justine Madugu, mutumin Adamawa: aka ci su biyu kafin hutu, suka rama, sa'an nan Jennifer Echegini ta jefa ta uku ana saura minti biyu a tashi, suka ɗauki kofinsu na goma.