Tarihin Granada a Bango da Akushi

Abu biyu ke kai masu hutu birnin Granada, a kudancin Sifaniya: fadar Alhambra da abinci. Ni ma su suka kai ni. Masu jagorantar baƙi sukan raba su, fada da safe a matsayin tarihi, abinci da dare a matsayin nishaɗi. A ganina rabon bai yi ba. Tarihin garin yana cikin akushi kamar yadda yake jikin bango, kuma na akushin ya fi wuyar gogewa.

Musulmi sun tsallaka zuwa Andalus a shekarar 711 ƙarƙashin Ɗariƙ bin Ziyad. Daga baya garuruwansu suka riƙa faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, har Granada ta zama daular ƙarshe. Muhammad bin al-Ahmar ya fara gina Alhambra a kan tudu wajen shekarar 1238, zuriyarsa suka ci gaba. Mai son shiga ɗakunan sarakunan sai ya sayi tikiti tun da wuri, domin kowa da lokacin shigarsa. A ciki, taken gidan sarautar ya cika bango da rubutun Larabci, ma'anarsa babu mai rinjaye sai Allah.

Abin da ya fi tsayar da ni ruwa ne. Magina sun janyo shi daga kogin Darro ta magudana mai tsawon kusan kilomita 6, har ya hau tudun, ya shayar da lambunan Generalife, ya fito ta bakin zakokin dutse 12 a tsakar gidan da Muhammad na Biyar ya gina. Mutumin da ya san wahalar noman rani zai gane cewa wannan fasaha ita ta ciyar da garin. Da irin waɗannan magudanai aka noma shinkafa, rake, lemo da yalo a Andalus.

Sunayen abincin ba su ɓoye asalinsu ba. Shinkafa arroz, man zaitun aceite, sukari azúcar, duk daga Larabci. Kunnen ma'aikacin rediyo ba ya barin irin wannan ya wuce. Sukarinmu da nasu uwarsu ɗaya. Magajin gari kuwa alcalde suke ce masa, daga kalmar da ta ba mu alƙali. Na ci soyayyen yalo da aka yayyafa wa zumar rake, na ci remojón, haɗin lemo da albasa da zaitun da kifin gishiri. Al'adar garin ce idan ka sayi abin sha, a kawo maka ɗan faranti kyauta, wanda suke kira tapa.

A nan baƙo Musulmi zai buɗe ido, domin sau da yawa akwai naman alade a farantin. Cinyoyin alade da aka shanya suna rataye a saman kantuna, kuma wannan ma yana da tarihi. Ranar 2 ga Janairun 1492 sarki Abu Abdullahi ya miƙa makullan gari ga Ferdinand da Isabella, bisa yarjejeniyar cewa Musulmi za su riƙe addininsu. Alkawarin bai yi shekara goma ba. Daga 1499 babban malamin coci Cisneros ya shiga tilasta wa mutane yin baftisma, aka ƙona littattafan Larabci a dandalin Bib-Rambla, inda yau ake zama shan kofi. Waɗanda suka tuba a kan dole, da ake kira Moriscos, kotun coci ta sa musu ido. Ƙin cin alade, ƙin shan giya ko yin azumin Ramadan ya isa a kai ƙarar mutum. Loma ɗaya ta zama jarrabawar imani.

A 1567 sarki Filib na Biyu ya haramta Larabci da tufafinsu da gidajen wankansu. Suka yi tawaye a tsaunukan Alpujarra daga 1568 zuwa 1571, aka murƙushe su, aka watsa su cikin ƙasa, aka zaunar da Kiristoci a ƙauyukansu. Tsakanin 1609 da 1614 aka kori kimanin mutum 300,000 daga Sifaniya baki ɗaya. Yau ƙauyen Trevélez na waɗannan tsaunuka da busasshen naman alade ya shahara.

Shekarar 1492 ta ƙara wa akushin wani abu. A Santa Fe, sansanin da aka kafa don kewaye Granada, sarakunan suka kammala yarjejeniya da Kolumbus a watan Afrilu. Daga nahiyar da ya isa tumatir da barkono da dankali suka zo Turai. Duk miyar tumatir da aka haɗa da man zaitun a garin, zamani biyu ne a cokali ɗaya.

Cikin waɗanda suka bar Granada a wancan lokaci akwai iyalin wani yaro, Hasan al-Wazzan, da suka koma Fas a Maroko. Shi ne Turawa suka sani da Leo Africanus. Littafinsa kan Afirka, da aka buga a Venis a 1550, ya yi bayanin Agadas, Gobir, Katsina, Kano da Zamfara. Kenan ɗan wannan gari yana cikin waɗanda suka fara kai sunan ƙasar Hausa ga masu karatu a Turai.

Da yamma mutane kan hau tsohuwar unguwar Albaicín su kalli Alhambra tana yin ja, ga tsaunukan Sierra Nevada a bayanta. Kusa da wurin kallon akwai babban masallaci da aka buɗe a 2003, bayan shekaru fiye da 500 da faɗuwar garin. A gangare kuma, layin Calderería Nueva cike yake da shagunan shayi na 'yan Maroko. Shawarata ga mai zuwa: ya tambayi abin da ke cikin kowane faranti kafin ya ci, ya kuma tambayi asalin sunansa. Amsa ta farko za ta kiyaye masa addini, ta biyu za ta koya masa abin da aka yi shekaru ana ƙoƙarin mantar da mutanen garin.