Fijo da Bodin Katako: Tarihin da Ake Aunawa a Kan Sikeli

Duk lokacin da aka tayar da zancen tsofaffin motoci masu daraja a ƙasar nan, hankali kan koma ga motocin manya. A gidan tarihi na Legas akwai Marsandin da aka harbe Janar Murtala Muhammad a cikinta ranar 13 ga Fabrairun 1976, da ramukan harsashi a jikinta. A fadar Kano akwai tsohuwar Rolls-Royce da sarki kan fita a cikinta. Ba mai jayayya da adana waɗannan. Amma a ƙasar rake da tumatir, daga Gubuchi da Makarfi zuwa Hunkuyi da Ikara, motar da ta sauya rayuwar jama'a daban take: a-kori-kurar Fijo ce da mai walda ya ɗaura wa keji, da babbar mota mai bodin katako da kafinta ya gina. A ganina waɗannan su ne motocinmu na tarihi, su ne kuma ƙirar hannu ta gaskiya, amma ga shi kullum ana yanka su gunduwa-gunduwa, 'yan gwangwan na auna su da kilo.

Labarin Fijo a jihar Kaduna ba na nesa ba ne. An kafa kamfanin Peugeot na Najeriya a 1972, shekarar da aka yi canjin hannu a titunanmu, masana'antarsa da ke Kakuri a Kaduna kuma ta fara fitar da motoci a 1975. Lokacin gwamnatin tarayya na da kuɗin mai da kuma burin masana'antu, shi ya sa aka rarraba aikin: Volkswagen a Legas, Leyland a Ibadan, Marsandi a Enugu, Steyr a Bauchi, manyan motocin Fiat a Kano. Kaduna ce ta fi kowa sa'a, domin motar da ta faɗo mata ta riga ta yi suna a kan munanan hanyoyi. Samfurin 404 ya ci tseren Safari na Gabashin Afirka sau huɗu tsakanin 1963 da 1968, 504 kuwa, wadda ta fito a 1968 ta zama gwarzuwar motocin Turai a 1969, ta ci wannan tsere a 1975. Sai kuɗin ƙarin albashi na Udoji ya faɗo hannun ma'aikata a daidai wannan lokaci, gwamnatin Obasanjo ta soja kuma ta mayar da Fijo motar ofis. A farkon shekarun 1980 Kakuri na fitar da mota sama da dubu 50 a shekara, kuma ba a daina haɗa 504 a can ba sai 2006, shekaru da dama bayan Faransa ta rufe babinta.

Sai dai abin da ya fi jan hankalina ba rayuwar motar ta farko ba ce, wato lokacin da take sabuwa a hannun babban sakatare ko ɗan kwangila. Rayuwarta ta biyu da ta uku ce, bayan an yi gwanjonta ta gangaro karkara. A nan ne take zama wata halitta da injiniyoyin Faransa ba su taɓa zanawa ba. Manomin rake ba ya bukatar taushin kujera, ɗaukar lodi yake so, don haka makaniki kan ƙara wa a-kori-kura ganyen sifirin a baya har ta ɗaga gindi sama, mai walda ya tayar da ƙarafa su wuce kan direba, a shimfiɗa benci biyu domin 'yan kasuwa, a ja tamfol saboda damina. Idan injin asali ya gaji a sauke shi a ɗora na wata. Tasha-wagon mai layi uku na kujeru ita ce ta riƙe tashoshin Zariya da Kano shekara da shekaru. Abin da ya ba da damar duk wannan shi ne sauƙin motar: ƙafafun baya ke ja, cikinta a sama yake ba ya dukan kunya, kafireta ce ke ba ta mai, kuma babu wata kwamfuta da za ta hana yaron gareji kwance ta a gindin bishiya ya mayar kafin la'asar.

Babbar mota mai bodin katako ta ma fi Fijo cancantar a kira ta ƙirar gida. Bedford ko Marsandi 911 kan zo ne da inji da ƙashin baya kawai, sauran duk aikin kafinta ne da maƙeri da mai fenti. Su ne ke yanke tsawon bodi da tsayinsa gwargwadon kayan da mai mota ke nufin ɗauka, buhunan masara ne, ko damman rake, ko mazarƙwaila, ko shanu zuwa kurmi. Sannan a zana mata tsuntsaye da zakuna da dabino, a rubuta addu'a ko habaici a goshinta da bayanta, har mutanen gari su riƙa gane ta tun daga nesa, su kira ta da abin da aka rubuta mata maimakon sunan mai ita. A Pakistan irin wannan ado na manyan motoci ya zama abin da ake rubuta littattafai a kansa. Mu kuwa ko sunayen masu fentinmu ba mu tattara ba. Abin da ya rage mana na wannan duniya ta direba da yaransa ya fi yawa a bakin mawaƙa, kamar waƙar Karen Mota ta Ɗanmaraya Jos, wadda ta adana hoton wata sana'a fiye da yadda kowane gidan tarihi ya yi.

Za a ce, kuma an sha faɗa, cewa ai Kaduna ba ta taɓa ƙera mota ba, haɗawa kawai ta yi. Akwai gaskiya a nan, har ma ta fi yadda masu faɗa suka sani: shekaru da dama jiragen dakon kaya na kamfanin UTA ke kwaso sassan Fijo daga birnin Lyon su sauke a Kano, daga nan a bi da su ta hanyar Zariya zuwa Kakuri. Masana'antar da ke cin abinci ta jirgin sama ba za ta jure faɗuwar kuɗi ba, kuma da aka karya darajar naira a 1986 ƙarƙashin shirin SAP sai sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, 'yan Kwatano suka cika tituna. Amma wannan hujja ba ta rage darajar motar a matsayin shaida ba, ƙara ta ta yi. Duk mai son ya fahimci dalilin da ya sa burin masana'antu na shekarun 1970 ya tsaya a rabin hanya, to 504 ta Kaduna ce takardar shaidarsa. Kuma ko da an yarda Kakuri haɗi ta yi, abin da garejin Makarfi da masu walda na Panteka suka yi wa motar daga baya ba haɗi ba ne, tunani ne da auna bukata.

Hujja ta biyu ta fi nauyi. Masu ita na cewa wannan duk kewar da ce kawai, domin motocin sun ci rayuka: birki ya tsinke a gangare, bodin katako ya tarwatse a haɗari, mutane a kan lodi ba abin riƙewa. Sun ƙara da cewa talauci ne ya haifi kwaskwarimar, ba gwaninta ba. Ba na musun haɗarin, kuma ba don banza aka kafa hukumar kiyaye haɗurra ta tarayya a 1988 ba. Ba wanda ke neman a mayar da fasinja kan damman rake. Amma adana abu daban, ci gaba da aiki da shi daban. Ba don a koma yaƙi ake ajiye takobi da sulke a Gidan Makama ba. Batun talauci kuwa, Kuba ta isa misali. Takunkumin Amurka bayan juyin juya halin 1959 ne ya tilasta wa makanikan Havana raya tsofaffin Chevrolet da Ford da injunan aro, kuma yau ba wanda ke cewa rashi ya soke fasaharsu.

Lokaci ne ba ya jira. Golf da Sharan da J5 sun karɓe tasha, babur mai ƙafa uku ya karɓe gajerun hanyoyi, kuma kuɗin da ɗan gwangwan ke bayarwa nan take ya fi ƙarfin haƙurin magada. Kamfanin Kakuri kansa ya sauya hannu, an sayar da shi ga 'yan kasuwa a 2006, hukumar AMCON ta karɓe shi a 2012 saboda bashi. Peugeot na da gidan tarihinta a Sochaux tun 1988, amma ba za ta ajiye a-kori-kurar rake ba, domin ba aikinta ba ce. Wannan aikin jihar Kaduna ne da ƙananan hukumomin Makarfi da Kudan da Ikara, da ƙungiyar direbobi, da sashen tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke kusa. Abin da ake bukata bai taka kara ya karya ba: a sayi 404 guda da 504 guda da bodin katako guda, a bar su da waldarsu da rubutunsu yadda suke, kada a yi musu sabon fenti, sannan a naɗi muryoyin tsofaffin direbobi da kafintocin bodi a kan kuɗin mota, da hanyoyin da suka bi, da wanda ya koya musu aiki.